Daga Ƙarfin Doki zuwa Tan na Ƙanƙara: Lissafin Injin Sanyi a Kudancin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora a Ƙaramar Hukumar Kiru, ta ratsa Tudun Wada ta nufi Doguwa, a tsakanin watan Janairu da na Afrilu, ba zai rasa ganin kwandunan tumatir da tattasai da buhunan albasa a bakin titi suna jiran mota ba. Wannan albarka ce ta noman rani, wanda ya ƙara bunƙasa a kudancin Kano tun bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙasar Bebeji a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Sai dai kayan lambu ba su da haƙuri. Tumatirin da aka tsinka nunanne, in ya yi ’yan kwanaki a cikin zafi sai ya fara zubar da ruwa, dole mai shi ya sayar a wulaƙance ko ya yanka ya shanya. Haka abin yake ga madarar da ake tatsa a rugagen da ke kewaye da dajin Falgore, da kuma allurar rigakafi da ake ajiyewa a ƙananan asibitocin karkara. Dukkansu maganinsu ɗaya ne, wato sanyi.

To amma wanda ya tashi sayen injin sanyi yakan tarar da harsuna barkatai. Mai sayar da na’urar sanyaya ɗaki zai ce masa wannan “doki ɗaya da rabi” ce. Mai haɗa ɗakin sanyi zai ce nasa “tan biyar” ne. A jikin injin kuma an rubuta BTU 12,000. Mai janareta yana magana da kVA, mitar lantarki kuwa yunit take ƙirgawa. Wannan maƙala za ta bayyana asalin waɗannan ma’aunai, da yadda ake juya ɗaya zuwa ɗaya. Za ta kuma nuna wani tarko da ke cikin lissafin: ana iya juya doki zuwa tan a kan takarda daidai wa daida, amma amsar da aka samu ba ita ce girman injin da ya kamata a saya ba.

Aiki, kuzari da ƙarfi

A ilmin kimiyya, an yi aiki idan aka tura ko aka ja wani abu har ya gusa. Ma’aunin aiki shi ne jul. Jul ɗaya bai da yawa, domin kusan shi ne aikin da ake yi wajen ɗaga tumatir guda mai nauyin giram 100 zuwa tsayin mita ɗaya. Ɗan dakon da ya ɗaga buhun masara mai kilogiram 100 ya ɗora a bayan mota mai tsayin mita ɗaya da rabi ya yi aikin jul 1,470, wato 100 sau 9.8 sau 1.5. Lambar 9.8 ita ce ta jan da ƙasa ke yi wa kowane kilogiram. Abin da ɗan dakon ya kashe wajen yin wannan aiki shi ake kira kuzari, kuma da jul ake auna shi.

Ƙarfi kuwa shi ne saurin yin aikin. Idan ɗan dakon ya ɗaga buhun cikin daƙiƙa uku, ƙarfinsa jul 490 ne a kowace daƙiƙa. Jul ɗaya a daƙiƙa ɗaya shi ake kira wat, wat dubu kuma kilowat. Ana iya kwatanta kuzari da ruwan da ke cikin randa, ƙarfi kuma da saurin zubowar ruwan daga famfo. Injin da ke da ƙarfin kilowat ɗaya, idan ya yi aiki na awa ɗaya, ya ci kilowat-awa ɗaya, wato jul miliyan 3.6. Wannan shi ne yunit ɗin da mitar lantarki ke ƙirgawa. Abin lura tun daga nan shi ne, doki da tan na sanyi da wat duk ma’aunan ƙarfi ne. Jul da BTU da kilowat-awa kuwa ma’aunan kuzari ne. Ba a juya na rukunin farko zuwa na biyu sai an shigar da lokaci a cikin lissafin.

Yadda doki ya shiga cikin inji

James Watt, masanin injuna ɗan ƙasar Sikotland wanda ya rayu daga 1736 zuwa 1819, shi ne ya yaɗa ma’aunin ƙarfin doki. A zamaninsa dawaki ne ke juya injunan niƙa da na jawo ruwa a Ingila. Da yake yana son sayar da injinsa mai aiki da tururi, sai ya nemi hanyar da zai gaya wa mai saye adadin dawakin da injin zai maye gurbinsu. Ya ƙayyade cewa doki ɗaya na iya ɗaga laba 33,000 zuwa tsayin ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya, wato laba 550 a daƙiƙa. Idan aka mayar da laba da ƙafa zuwa kilogiram da mita, ƙarfin doki ɗaya ya zama wat 745.7, wanda akan cika shi zuwa 746. A ƙasashen Turai masu amfani da tsarin mita akwai wani dokin mai wat 735.5, amma bambancinsu bai kai kashi 2 cikin 100 ba.

Ke nan ƙaramin injin ban ruwa mai doki biyar da rabi, irin wanda ya cika fadamun Kiru da Bebeji, ƙarfinsa ya ɗan haura kilowat 4. Wannan ƙarfi ne na juyi, wanda ake samu a bakin sandar injin.

Zafi ma kuzari ne

Masanan farko sun ɗauki zafi a matsayin wani abu dabam, saboda haka suka ba shi nasa ma’auni. A Faransa da sauran ƙasashen Turai an yi amfani da kalori, wato zafin da ke ɗaga giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya na Salshiyas. A Ingila da Amurka kuwa BTU aka riƙe, wato zafin da ke ɗaga laba ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya na Faranhait.

James Prescott Joule, wanda daga sunansa aka samo kalmar jul, shi ne ya haɗa waɗannan ma’aunai da na aiki. A shekarun 1840, a yankin Manchester, ya rataya nauyi a jikin igiya, nauyin yana sauka yana juya wata farfela a cikin tukunyar ruwa. Ya auna nisan da nauyin ya sauka, ya kuma auna ɗumin da ruwan ya ƙara. A shekarar 1850 ya bayyana cewa BTU ɗaya daidai yake da aikin ɗaga laba 772 zuwa ƙafa ɗaya. Awon zamani ya ba da 778, ke nan bai yi nisa da gaskiya ba. A yau an san kalori ɗaya jul 4.19 ne, BTU ɗaya kuma jul 1,055.

Madatsar Tiga za ta taimaka wajen ganin ma’anar wannan. A ɗauka tan ɗaya na ruwa, wato kilogiram 1,000, ya faɗo daga tsayin mita 30. Kuzarin da ya saki shi ne 1,000 sau 9.8 sau 30, wato kilojul 294. Da za a bar wannan kuzari duka ya koma zafi a cikin ruwan, ɗumin da zai ƙaru bai wuce digiri 0.07 ba, abin da hannu ba zai ji ba. Alhali kuwa narkar da kilogiram ɗaya tak na ƙanƙara yana cin kilojul 334. Wato faɗowar tan guda na ruwa daga mita 30 ba ta isa ta narkar da ƙanƙarar da yaro zai riƙe a hannu ɗaya ba. Wannan ya nuna cewa zafi kaya ne mai nauyi, shi ya sa sanyaya amfanin gona ke da tsada.

Tan ɗin da ba nauyi ba

Kafin a ƙera injin sanyi, ƙanƙara ake yankowa daga tafkunan da suka daskare a arewacin Amurka a lokacin hunturu. Wani ɗan kasuwa na birnin Boston mai suna Frederic Tudor ya fara safarar ta a jirgin ruwa zuwa tsibirin Martinik a 1806, a 1833 kuma ya kai ta har Kalkata a ƙasar Indiya. Mahauta da masu sayar da kifi na wancan zamani da tan suke sayen ƙanƙara. Jacob Perkins ya yi rajistar injin sanyi mai matsa tururi a Landan a 1834, Carl von Linde na Jamus kuma ya fito da injinsa mai aiki da amoniya a shekarun 1870. Da injuna suka shigo kasuwa, tambayar masu saye ita ce: tan nawa na ƙanƙara wannan inji zai hutar da mutum saye a rana? Kamar yadda doki ya bar sunansa a jikin injin da ya kore shi, haka ƙanƙara ta bar nata.

Ga yadda lissafin yake. Tan na Amurka laba 2,000 ne, wato kilogiram 907. Ƙanƙara idan tana narkewa takan shanye zafi ba tare da awon zafinta ya tashi daga digiri sifiri ba, wannan shi ake kira ɓoyayyen zafi. Kowace laba na shan BTU 144. Saboda haka tan guda na shan BTU 288,000. Idan aka raba wannan a kan awa 24, za a sami BTU 12,000 a kowace awa. Wannan shi ne tan ɗaya na sanyi. Da ma’aunin mita kuwa, 907 sau 334 ya ba da kimanin kilojul 303,000, a raba da daƙiƙa 86,400 da ke cikin yini da kwana, a sami kilowat 3.5. Cikakken adadin shi ne wat 3,517.

Ya kamata a kiyaye cewa kalmar tan tana da fuska uku a nan: tan na kilogiram 1,000 da ake auna hatsi da shi, da tan na Amurka mai kilogiram 907, da tan na sanyi wanda ba nauyi ba ne sam. Idan aka ce ɗakin sanyi “tan biyar” ne, yana iya nufin ɗakin na ɗaukar kaya masu nauyin tan biyar, yana kuma iya nufin injinsa na kwashe zafi da ƙarfin kilowat 17.6. Kama da wane ba ta wane.

Jadawalin juyi

Na ƙarfi:
Doki 1 = wat 746 = BTU 2,545 a awa = tan 0.212 na sanyi
Kilowat 1 = doki 1.34 = BTU 3,412 a awa = tan 0.284 na sanyi
Tan 1 na sanyi = kilowat 3.517 = BTU 12,000 a awa = kilokalori 3,024 a awa = doki 4.72

Na kuzari:
BTU 1 = jul 1,055
Kilokalori 1 = jul 4,187
Kilowat-awa 1 = jul miliyan 3.6 = BTU 3,412
Tan-awa 1 = BTU 12,000 = kilowat-awa 3.517

Inda tarkon yake

Bisa ga wannan jadawali, tan ɗaya na sanyi daidai yake da doki 4.72. Amma a kasuwannin Nijeriya, na’urar sanyaya ɗaki mai BTU 12,000 a awa, wato tan ɗaya cif, ita ake kira doki ɗaya da rabi. Mai BTU 9,000 ita ce doki ɗaya, mai 18,000 kuma doki biyu. Mai karatu na iya tambaya, shin jadawalin ne ya yi kuskure ko ’yan kasuwa? Amsar ita ce babu wanda ya yi kuskure, abubuwa biyu ne mabambanta ake aunawa. Dokin ɗan kasuwa yana nuni ne ga aikin da ake zuba wa inji. Tan kuwa zafin da injin ya kwashe ne.

Injin sanyi ba ya ƙirƙirar sanyi, kamar yadda injin ban ruwa ba ya ƙirƙirar ruwa. Injin ban ruwa yana ɗauko ruwa daga ƙasa ya kai shi tudu. Injin sanyi kuma yana ɗauko zafi daga wuri mai sanyi ya kai shi wuri mai zafi, hanyar da zafi ba ya bi da kansa. Yana yin haka ne da wani sinadari mai saurin tafasa, wanda masu gyaran firij ke kira gas. A cikin bututun da ke ɗakin sanyi, sinadarin yakan tafasa ya zama tururi, yana shan zafin kayan da aka ajiye. Daga nan kwamfuresa ta matse tururin har ya fi iskar waje zafi. Sai ya bi ta bututun da ke bayan injin, ya saki zafinsa ga iska, ya koma ruwa. A ƙarshe ya ratsa wata siririyar ƙofa, matsin ya faɗi, ya sake yin sanyi, zagayen ya koma farko. Kwamfuresar ita ce dokin da ke jan wannan amalanke, zafin da aka kwashe kuma shi ne kayan da ke ciki. Ba abin mamaki ba ne kaya su fi doki nauyi.

Idan aka raba zafin da aka kwashe da aikin da aka zuba, ana samun wata lamba da za a iya kira ribar sanyi. Na’ura mai BTU 9,000 a awa tana kwashe wat 2,638. Idan wat 746 take ci, ribarta 3.5 ce. Wannan bai saɓa wa dokar kimiyya da ta ce ba a ƙirƙirar kuzari ba, domin zafin da ke fita ta bayan injin shi ne jimillar biyun, wato wat 3,384. Shi ya sa shagon da aka jera firiza a ciki aka rufe tagogi yake zama kamar tanda. A jikin wasu injunan akan rubuta wata lamba mai suna EER, wadda ita ce BTU a awa da kowane wat ke kwashewa. A raba ta da 3.412 a sami ribar sanyi.

Ribar sanyi ba tsayayyiya ba ce. Manomin rani ya san cewa in ruwan rijiya ya yi ƙasa, litar fetur ɗaya ba ta ɗago ruwan da ta saba ɗagowa. Haka ma a nan: gwargwadon tazarar da ke tsakanin sanyin ciki da zafin waje, gwargwadon raguwar riba. Iyakar wannan riba ta samo asali ne daga aikin Sadi Carnot, Bafaranshen da ya wallafa nazarinsa kan injunan zafi a 1824. Ana ƙara 273 a kan digirin Salshiyas don a sami ma’aunin Kelbin, sannan a raba awon bututun ciki da tazarar da ke tsakanin bututun biyu. Alal misali, idan bututun ciki na kan digiri 5, na waje kuma 35, kamar yadda zai iya kasancewa da hunturu, iyakar riba ita ce 278 a raba da 30, wato 9.3. A watan Afrilu, lokacin da zafin rana a ƙasar Kano ke kai wa digiri 40, bututun waje na iya kai 50, sai iyakar ta sauko zuwa 6.2. Idan kuma ƙanƙara ake son yi, bututun ciki ya sauka digiri 15 ƙasa da sifiri, iyakar ba ta wuce 4 ba. Injunan gaske sukan sami kimanin rabin waɗannan adadi ko ƙasa da haka. Ke nan injin da ya wadatar a watan Janairu yana iya gazawa a watan Afrilu, daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Misali na farko: ɗakin tumatir

A ƙaddara wata ƙungiyar manoma a ƙasar Bebeji tana son sanyaya tumatir kilogiram 5,000 da aka tsinko yana da zafin digiri 35, a sauko da shi zuwa digiri 12 cikin awa 12. Ba a so a wuce haka da yawa, domin sanyin da ya yi tsanani yana ɓata tumatirin da bai gama nuna ba. Da yake fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, kowane kilogiram na bukatar a cire masa kimanin kilojul 4 kafin ya sauka digiri ɗaya.

Zafin da za a kwashe: 5,000 sau 4 sau 23 = kilojul 460,000. Wannan ya yi daidai da kilowat-awa 128, ko tan-awa 36, ko kuma narkewar ƙanƙara kilogiram 1,380. A raba a kan awa 12, a sami kilowat 10.6, wato tan 3 na sanyi. Amma ba tumatir kaɗai ke kawo zafi ba. Yana shigowa ta bango da rufi, yana shigowa duk lokacin da aka buɗe ƙofa, fankoki da fitilu suna ƙarawa, kowane ma’aikaci na fitar da wat 100 ko fiye, shi kansa tumatir yana da rai, yana numfashi yana fitar da ɗumi. Idan aka yi wa waɗannan tanadin kashi ɗaya cikin uku, bukata ta zama tan 4, wato kilowat 14.

A nan ne kurakurai biyu ke jiran mai saye. Na farko shi ne ya duba jadawali ya ninka 4 da 4.72, ya ce doki 19 yake bukata, ya je ya sayi inji da janaretan da suka fi ƙarfin aljihunsa. Na biyu, wanda ya fi muni, shi ne ya ɗauka doki da tan ɗaya ne, ya sayi inji mai doki 4. Doki 4 kilowat 3 ne. Idan ribar sanyi 2.5 ce, abin da zai kwashe kilowat 7.5 ne, wato tan 2 da ’yan kai, rabin abin da ake bukata. Injin zai yi ta ruri dare da rana, tumatirin da ke tsakiyar ɗaki kuwa yana ruɓewa. Hanyar da ta dace ita ce a raba kilowat 14 da riba 2.5, a sami kilowat 5.6, wato doki bakwai da rabi.

Daga nan sai batun janareta. Akan raba kilowat da 0.8 don a sami kVA, ke nan 5.6 ya zama kVA 7. Sai dai kwamfuresa a lokacin tashi takan ja wuta ninki biyar ko fiye na abin da take ja in ta daidaita, saboda haka janareta mai kVA 7 cif ba zai tayar da ita ba, dole a sayi wanda ya fi haka sosai ko a sa na’urar da ke tayar da ita sannu a hankali. Ana kuma iya ƙiyasta mai. Litar man gas ɗaya na ɗauke da kimanin kilowat-awa 10, amma ƙaramin janareta kusan 3 kawai yake mayarwa lantarki, saura ya tafi a hayaƙi da zafi. Aikin awa 12 na cin kilowat-awa 67, wato lita 22 ko kusa da haka. Da wannan adadi ne ƙungiyar za ta san abin da za ta ɗora wa kowane kwando, ta kuma gane ko cinikin zai fitar da ita.

Da irin wannan lissafi ake gane darajar tashar lantarki da aka gina a jikin madatsar Tiga, wadda aka tsara ta a kan megawat 10. Da za a juya wannan ƙarfi duka ga injunan sanyi masu riba 2.5, zai kwashe zafi na megawat 25, wato fiye da tan 7,000 na sanyi, ko ɗakuna irin na wannan misali sama da 1,700.

Misali na biyu: madara, ƙanƙara da rigakafi

Madara takan fito daga nonon saniya da ɗumin jiki, kuma ana son a sauko da ita zuwa digiri 4 cikin ’yan sa’o’i kafin ƙwayoyin cuta su yaɗu. A ce wata cibiyar tara madara a Doguwa ta karɓi lita 200 mai zafin digiri 35. Nauyinta kilogiram 206 ne, kowane kilogiram kuma na bukatar kilojul 3.9 a kan digiri. Jimilla kimanin kilojul 24,900 ke nan, wato kilowat-awa 6.9. Idan cikin awa 3 ake so, ana bukatar kilowat 2.3, kashi biyu cikin uku na tan. Idan kuma cikin awa ɗaya ne, bukatar ta ninka uku, ta kusa tan 2, alhali madarar ba ta ƙaru da ko cokali ɗaya ba. Wannan shi ne bambancin kuzari da ƙarfi a aikace.

Masu sana’ar ƙanƙara, musamman a watan azumi, sukan yi ƙorafin cewa firiza ba ta daskarar da ruwa. Lissafi zai nuna dalili. Lita 100 ta ruwa mai digiri 30 na bukatar a cire mata kilojul 12,570 kafin ta kai sifiri, sannan kilojul 33,400 kafin ta daskare, sannan kimanin 1,000 kafin ta yi tauri sosai. Jimilla kilowat-awa 13 ke nan. Firizar gida mai cin wat 150, in ribarta 1.5 ce, wat 225 kawai take kwashewa. Za ta bukaci kusan awa 58 na wuta ba yankewa. Ba gas ne ya ƙare ba, kaya ne suka fi ƙarfin jaki.

Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8. A asibitocin karkara an fi dogara da firij mai aiki da hasken rana, kuma akwai nau’in da ba ya amfani da batir. Da rana yakan daskarar da ruwan da ke cikin bangonsa, da dare ƙanƙarar ta riƙa narkewa a hankali tana shanye zafin da ke kutsowa. A misali, ƙanƙara kilogiram 30 na iya shan kilojul 10,020. Idan zafin da ke shiga wat 20 ne, za ta ɗauki awa 139, kusan kwana shida. Idan ana yawan buɗe murfi har zafin ya ninka, kwanakin sun koma uku. A nan an koma gidan jiya, wato auna sanyi da nauyin ƙanƙara.

Randa da tukunya cikin tukunya

Tun kafin zuwan firij, Bahaushe ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, bushewar kuwa zafi take ci. Kowace lita da ta bushe na tafiya da kimanin kilojul 2,400, daidai da narkewar ƙanƙara kilogiram 7. A kan wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya a shekarun 1990, inda ake zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakanin tukwane biyu, dabarar da ta samar masa kyautar Rolex. Idan irin wannan tukunya ta busar da lita 2 a yini da kwana, ƙarfinta wat 56 ne, wato kashi ɗaya cikin 63 na tan. Ƙarfin kaɗan ne, amma ba ya cin doki ko ɗaya, kuma ya fi aiki da rani lokacin da iska ke bushe. Da damina, in iska ta cika da laima, sai ya ragu ƙwarai.

Kammalawa

Juya ma’auni abu ne mai sauƙi: doki wat 746 ne, tan na sanyi wat 3,517, BTU jul 1,055. Abin da ke bukatar natsuwa shi ne sanin ɓangaren injin da kowace lamba ke magana a kai, ko ƙofar da aiki ke shiga ko ƙofar da zafi ke fita. Gadar da ke tsakaninsu ita ce ribar sanyi, ita kuwa tana sauyawa da yanayi da kuma tsananin sanyin da ake nema.

Saboda haka, manomi ko shugaban ƙungiya ko jami’in lafiya da zai sayi injin sanyi, ya kamata ya nemi amsar tambayoyi huɗu a rubuce. Kilowat nawa na zafi injin ke kwashewa? Kilowat nawa na lantarki yake ci? A wane zafin waje da wane sanyin ciki aka auna waɗannan adadi? Kuma cikin awa nawa zai sauko da kayan da za a zuba masa? Injin da aka gwada a zafin digiri 32 ba zai ba da abin da aka rubuta masa ba a Tudun Wada cikin watan Afrilu. Akwai kuma matakan da ba su cin ko sisi: a tsinki kayan lambu da sanyin safiya, a ajiye su a inuwa kafin a kai ɗaki, a girke bayan injin inda iska ke kaɗawa, a riƙa share ƙurar hunturu daga bututunsa. Tumatirin da ya shiga ɗaki da digiri 25 maimakon 35 ya rage fiye da kashi 40 cikin 100 na zafin da za a cire masa. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma alƙalami da takarda sun fi kwamfuresa araha.